Kalmar «kid» a Ingilishin yau da kullum: asalinta, aikinta da matsalar fassara ta zuwa Hausa

0. Gabatarwa

A cikin littattafan da ake koyar da harshen Ingilishi da su a makarantunmu na sakandare, kalmar da ɗalibi yake fara haɗuwa da ita idan ana maganar yaro ita ce child, tare da boy da girl. Amma da zarar ya kunna rediyo, ko ya zauna kallon fim ɗin Amurka, ko ya karanta hirar da aka yi da wani ɗan ƙwallo, sai ya tarar wata gajeriyar kalma ta mamaye wurin, wato kid. In ya buɗe ƙamus na Ingilishi zuwa Faransanci, za a ba shi chevreau, sa'annan gosse ko gamin, a ƙara masa da alamar cewa kalmar ta hira ce. Wannan bayani gaskiya ne, sai dai bai kai ɗalibin inda yake son zuwa ba, domin ba ya gaya masa dalilin da ya sa ake kiran mutum mai shekara 30 da wannan kalma, ko kuma dalilin da ya sa wani lokaci ake hana ta ga yaro mai shekara 12.

A cikin wannan ƴar takarda za mu yi ƙoƙarin nuna abu guda: kalmar kid ba awon shekaru take yi ba, tana nuna matsayin da mai magana ya ajiye wani mutum ne dangane da kansa. Wanda bai gane haka ba zai riƙa fassara ta da «yaro» ko'ina ya gan ta, kuma zai yi kuskure a wurare da yawa. Batun ya shafe mu kai tsaye, tun da yake kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan fassara daga Ingilishi zuwa Hausa ba tare da an bi ta Faransanci ba aiki ne da ke jiran ɗalibanmu. Misalan da muka sa wa lamba mu muka tsara su bisa yadda ake magana, waɗanda kuma suka fito daga bakin wani sananne mun faɗi mai su da shekarar.

1. Asalin kalmar

Ma'anar kid ta farko ita ce ɗan akuya. Ingilishi ya aro ta daga tsohon harshen mutanen Sikandinabiya waɗanda suka zauna a arewaci da gabashin Ingila tun daga ƙarni na 9, kamar yadda ya ari egg «ƙwai», da sky «sararin sama», da skin «fata». An same ta a rubuce tun wajen shekarar 1200, kuma ta ɗauki kusan shekara 400 tana nufin dabba kawai, ko naman dabbar, ko fatarta. Har yanzu wannan ma'ana tana nan a bakin makiyaya da masu sana'ar fata. Daga gare ta aka sami kid gloves, wato safar hannu ta lallausar fatar ɗan akuya, wadda ake ambata idan ana son a ce an bi da mutum cikin lallami da taka-tsantsan. Mun sha ganin ɗalibai sun ɗauka safar yara ake nufi, alhali babu yaro a cikin zancen.

A ƙarshen ƙarni na 16 ne aka fara samun kid da ma'anar ɗan mutum, kuma a lokacin sara ce ta ƴan kasuwa da ɓarayi da mutanen titi. Wata shaida ta wannan zamani ita ce aikatau kidnap, wanda ya bayyana a rabin ƙarshe na ƙarni na 17. An haɗa shi daga kid da nap «fizge», kuma da farko yana nufin satar yara da matasa a garuruwan Ingila don a kai su aikin ƙarfi a gonakin Amurka. Daga baya ya faɗaɗa ya koma sace kowane mutum, babba ko yaro, kuma da wannan faffaɗar ma'ana ce Faransanci ya are shi a ƙarni na 20, ya yi kidnapper da kidnapping. A cikin ƙarni na 19 kalmar kid ta fita daga sara ta shiga hirar gida, a ƙarni na 20 kuma ta zama ta kowa, daga talaka har shugaban ƙasa. Duk da haka tabon asalinta bai goge sarai ba: har yau akan sami tsofaffin malamai a Ingila da Amurka masu gyara wa ɗalibi magana, suna cewa akuya ce ke da kids, mutum kuwa children gare shi.

2. Kalmar a nahawu

Kid suna ne mai ƙirguwa, jam'insa kids, kuma ba ya rarrabe jinsi. Wannan shi ne bambanci na farko tsakaninsa da Hausa, inda tilas mai magana ya zaɓi yaro ko yarinya, ɗa ko ƴa. A Ingilishi mutum yana iya ba da labari mai tsawo a kan a kid ba tare da mai sauraro ya san namiji ne ko mace ba, sai in wakilin suna ya zo ya fayyace. Tafinta kuwa ba shi da wannan dama, dole ya jira ko ya tambaya.

Kalmar tana shiga gaban wani suna ta yi aikin sifa. Kid brother shi ne ƙane, kid sister ƙanwa, ko da sun yi furfura. Tana kuma zuwa a ƙarshen harɗaɗɗun sunaye masu yawa: school kids «ƴan makaranta», street kids «yaran titi», rich kids «ƴaƴan masu kuɗi», grandkids «jikoki». Akwai siffofin shagwaɓa guda biyu: kiddie, wanda ake faɗi ga ƙananan yara da kayansu, da kiddo, wanda ake kiran mutum da shi cikin wasa da ƙauna.

Akwai kuma aikatau to kid, wanda ya bayyana a farkon ƙarni na 19, ma'anarsa zolaya ko yaudarar wasa. Mafi yawan masana asalin kalmomi suna ganin daga sunan ya fito, wato ɗaukar mutum kamar yaro. A maganar yau dangantakar ta ɓace, kuma babu wanda yake tuna yaro idan ya ce:

(1) I'm only kidding.
«Wasa nake yi.»

(2) You're kidding!
«Haba dai! Da gaske?»

3. Rabon aiki tsakanin kid da child

Kalmomin biyu ba kishiyoyi ba ne, kowace da fagenta. Child tsohuwar kalma ce ta gado, kuma ita ce ta doka, da likitanci, da addini, da takardun hukuma. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 a kan haƙƙin yara da child ta yi amfani, ta kuma yanke cewa shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba. Haka nan duk sunayen manyan matsaloli da child ake gina su: child labour «bautar da yara», child soldier «yaron da aka sa aikin soja», child abuse «cin zarafin yara». Ba a musanya child da kid a waɗannan wurare, kuma wanda ya yi haka za a ji kamar yana wasa da abin da ba na wasa ba. Ƙungiyar agaji ta Save the Children, wadda aka kafa a Ingila a 1919, da dokar ilimi ta Amurka mai suna No Child Left Behind, wadda shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a 2002, duka wannan hanya suka bi.

Kid kuwa ita ce ta gida, da unguwa, da filin wasa, da talla. Uba ba zai ce wa abokinsa zai je ɗaukar children daga makaranta ba sai in yana son ya yi magana irin ta ofis. Abin da zai faɗi shi ne:

(3) I have to pick up the kids.
«Zan je in ɗauko yara.»

(4) When I was a kid, we had no television.
«Lokacin da nake yaro ba mu da talabijin.»

Ƴan kasuwa sun gane wannan tun da daɗewa, shi ya sa ake ganin kids a jikin kantunan tufafi, da takardar abincin gidajen cin abinci, da manhajoji irin su YouTube Kids, wadda aka fitar a 2015. Ƴan siyasa ma suna sauya kalmar gwargwadon wurin da suke: a zauren majalisa children, a gaban taron magoya baya our kids. Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri ko wasiƙar neman aiki da Ingilishi, child ya kamata ya rubuta. Amma in ya nace mata a hira da abokai, za a fahimce shi, sai dai za a ji maganarsa ta littafi ce.

4. Shekara nawa ne kid?

Nan ne ƙamus yake gazawa. Mun rarrabe amfani iri huɗu, kuma a cikinsu ɗaya ne kawai yake da alaƙa da ƙidayar shekaru.

Na farko shi ne na ƙuruciya ta zahiri, kamar a misali na (4). Nan kid yana nufin wanda bai balaga ba, ko wanda bai gama sakandare ba.

Na biyu shi ne na zumunta. Idan kalmar ta zo da mallaka, ba ta da iyakar shekaru ko kaɗan. Tsohuwa mai shekara 85 tana iya cewa:

(5) Both my kids are retired.
«Ƴaƴana duka biyu sun yi ritaya.»

Wanda ya fassara wannan da «yarana» bai yi babban laifi ba, tun da Bahaushe ma yakan faɗi haka, amma «ƴaƴana», ko «ɗiyana» kamar yadda ake faɗi a Adar da Gobir, ya fi dacewa. A arewacin Ingila, musamman a Mancesta da Libaful, akwai our kid, wanda yake nufin ɗan'uwa na ciki ɗaya, yawanci ƙane. Ƴan'uwan nan biyu mawaƙa na ƙungiyar Oasis, Noel da Liam Gallagher, sun sa wannan salo ya yi suna a wajen yankinsu a shekarun 1990.

Na uku shi ne na gwaji da mai magana. Duk wanda ya girme ka sosai yana iya kiran ka kid a bayan idonka. Malamin jami'a a Amurka yana ce wa ɗalibansa the kids, alhali sun kai shekarun zaɓe, wanda aka mayar 18 a ƙasar tun 1971. Kocin ƙwallo yana faɗin haka a kan ƴan wasansa, hafsan soja a kan kuratansa, tsohon ma'aikaci a kan sabon ɗauka. Su kansu ɗaliban jami'a a Amurka sukan ce a kid in my class suna nufin tsaransu. Iyakar kalmar tana tafiya tare da shekarun mai magana: ga mai shekara 70, likita mai shekara 35 kid ne. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba, domin haka muke yi da «yaro» da «yaran zamani».

Na huɗu shi ne na hukunci, kuma shi ya fi muhimmanci a gare mu. A nan kalmar tana zuwa da just ko only, ko da sifa kamar good:

(6) Leave him alone, he's only a kid.
«Ƙyale shi, yaro ne.»

(7) The new manager is just a kid.
«Sabon shugaban nan ai yaro ne.»

Ginin jimlolin biyu ɗaya ne, aikinsu ya sha bamban. A (6) ana nema wa mutum sassauci, ana cewa hankalinsa bai kai a kama shi da laifi ba. A (7) ana rage masa daraja, ana cewa bai isa a ba shi amana ba. Tushen duka biyu ɗaya ne, wato ra'ayin da karin maganarmu ya ƙunsa cewa yaro bai san wuta ba sai ya taka. Wanda bai san wuta ba ana yafe masa, kuma ba a ba shi ajiyar ashana.

5. Kiran mutum da kalmar

Ambaton mutum da kid a bayan idonsa daban yake da kiran sa da ita ido da ido. Jam'i ba shi da matsala: uwa ko malama tana cewa kids ga taron yara kamar yadda za mu ce «yara, ku zo». Tilo kuwa yana da kaifi biyu.

(8) Listen, kid, this is none of your business.
«Kai yaro, ba ruwanka da wannan.»

(9) You did well, kid.
«Ka yi ƙoƙari, ɗana.»

A (8) baƙo ne yake nuna wa wani cewa bai kai ba, kuma in wanda aka faɗa wa baligi ne, faɗa na iya tashi. A (9) babba ne yake yaba wa na ƙasa da shi wanda suka saba. Abin da ke raba su shi ne sabo, da murya, da wanda ya girmi wani. Ƙa'idar da ba ta canzawa ita ce kalmar daga sama take gangarowa ƙasa, ko ta tafi tsakanin tsara. Ƙarami ba ya kiran babba da ita. Tsakanin masoya ma ana jin ta a tsofaffin finafinan Amurka: a fim ɗin Casablanca na 1942, da ita Humphrey Bogart yake kiran Ingrid Bergman. Mace ta yau tana iya jin wannan a matsayin raini in ya fito daga bakin abokin aiki.

Daga wannan amfani ne laƙabi ya samo asali. Ɗan fashin nan na yammacin Amurka da aka kashe a 1881 yana da shekara 21, da Billy the Kid aka san shi. Ƴan dambe sun riƙe kalmar a matsayin kirari na mai zafin nama: Hogan Kid Bassey, mutumin Kalaba a Nijeriya, da wannan suna ya ci kambun duniya a birnin Paris a 1957. Bill Clinton yana da shekara 45 lokacin da ya kira kansa Comeback Kid a zaɓen fid da gwani na jihar New Hampshire a 1992, yana nufin wanda aka ɗauka ya faɗi sai ga shi ya taso. A irin waɗannan wurare kalmar ba ta da raini ko kaɗan, ƙarfi da sabon jini take nunawa.

6. Maƙwabtan kalmar

Ba za a gane kid sosai ba sai an dube ta tare da kalmomin da mai magana zai iya zaɓa a maimakonta. Za mu taƙaita a kan uku.

Teenager ita ce mai iyaka tsayayya, domin an gina ta a kan ɗafa-ƙeyar -teen da ke ƙarshen lambobin Ingilishi daga 13 zuwa 19. Ta yaɗu a Amurka a shekarun 1940, lokacin da ƴan kasuwa suka gano cewa ƴan sakandare masu saye ne na musamman. Mujallar Seventeen ta fara fitowa a 1944. Ba a kiran mutum da ita ido da ido, kuma ba ta ɗauke da ƙauna ko raini sai abin da jimla ta ɗora mata.

Youth tana da fuska biyu. In ba a ƙirga ta ba, tana nufin ƙuruciya ko matasa gaba ɗaya, kuma kalma ce ta hukuma: Majalisar Ɗinkin Duniya tana nufin masu shekara 15 zuwa 24 da ita, Yarjejeniyar Matasan Afirka ta 2006 kuma 15 zuwa 35. In aka ƙirga ta aka ce a youth ko youths, a Ingila ta zama kalmar rahoton ƴan sanda da jaridu, tana nufin samari maza, yawanci waɗanda ake zargi da ta da fitina. Masu jin Faransanci za su tuna yadda des jeunes take a jaridun Faransa idan ana maganar unguwannin bayan gari. A Ingilishin Nijeriya kuwa youths ba ta da wannan tabo, shugabanni suna faɗin ta cikin yabo a jawabansu. Ɗalibinmu da ya koyi kalmar daga rediyon maƙwabta ya kamata ya san cewa a London ba haka za a ji ta ba.

Boy ita ce mai tarihi mafi nauyi. A ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka da ita Turawa suke kiran mai yi musu aikin gida ko da ya haifi jikoki, kuma daga nan Hausa ta sami «boyi». A kudancin Amurka fararen fata sun daɗe suna kiran baƙin mutum baligi da ita don su tuna masa matsayin da suka ba shi. Saboda haka ne ma'aikatan shara baƙaƙe da suka yi yajin aiki a birnin Memphis a 1968 suka ɗaga alluna masu cewa su manyan mutane ne. A 2006 maganar ta kai Kotun Ƙoli ta Amurka, a shari'ar Ash da kamfanin Tyson Foods, inda wasu ma'aikata biyu baƙaƙe suka kawo shaida cewa shugaban masana'antar yana kiran su boy. Kotun ƙasa ta ce kalmar ita kaɗai ba shaidar wariya ba ce. Kotun Ƙoli ta ƙi yarda da haka, ta ce ma'anar tana iya danganta da yanayin magana, da karin murya, da al'adar wurin, da tarihin amfani da kalmar. Wannan hukunci darasi ne na ilimin walwalar harshe, kuma abin da ya faɗa a kan boy ya hau kan kid.

7. Wanda ake ba kalmar da wanda ake hana wa

Tun da kid tana iya zama neman sassauci, tambayar da ke biyo baya ita ce wa ake nema wa. Misalai uku daga Amurka za su isa.

A watan Agusta na 2016, lokacin wasannin Olimfik na birnin Rio, ɗan ninkayan Amurka Ryan Lochte ya ce ƴan fashi sun tare shi da abokansa da bindiga. Bincike ya nuna labarin ba haka yake ba, rigima ce ta tashi a wani gidan mai bayan sun yi ɓarna. Kakakin kwamitin shirya wasannin, Mario Andrada, ya roƙi jama'a su yi wa these kids uzuri. Lochte yana da shekara 32 a lokacin. A watan Yuli na 2017 shugaba Donald Trump ya kare babban ɗansa a kan ganawar da ya yi da wata lauya ƴar Rasha, ya kira shi good kid. Ɗan yana da shekara 39 da ƴaƴa biyar. Amfanin Trump yana da mafaka a ma'anar zumunta da muka gani a sashe na 4, amma abin da ya sa ƴan jarida suka tsaya a kansa shi ne ma'anar hukunci da ta biyo ta a ɓoye.

Misali na uku ya bi ta ɗaya gefen. A ranar 22 ga Nuwamba 2014, a birnin Cleveland, ɗan sanda ya harbi Tamir Rice, baƙin yaro mai shekara 12 da ke wasa da bindigar roba a wani filin shaƙatawa, ya rasu washegari. Wanda ya kira ƴan sanda ya faɗi cewa mai yiwuwa yaro ne kuma mai yiwuwa bindigar ta wasa ce, amma ba a isar da wannan ga waɗanda aka tura ba. Bayan harbin, rahoton da aka aika ta rediyo ya kira shi baƙin namiji mai kimanin shekara 20. A wannan shekarar ce Phillip Atiba Goff da abokan aikinsa suka wallafa wani bincike da ya nuna cewa mutanen da aka gwada suna ƙara wa yara maza baƙaƙe da ake zargi da babban laifi kimanin shekara huɗu da rabi a kan shekarunsu na gaskiya, kuma suna ganin su da ƙarancin rashin laifi in an gwada da fararen tsaransu.

Idan aka haɗa wannan da abin da muka faɗa a kan boy, za a ga abu ɗaya ta fuska biyu: an mayar da baligi yaro lokacin da ake son a hana shi girma, an mayar da yaro baligi lokacin da ake son a hana shi uzuri. Ba mu ce duk mai faɗin kid yana da wata manufa ba. Mafi yawan amfaninta na yau da kullum ne kamar a misali na (3). Abin da muke cewa shi ne a labarin laifi, ko shari'a, ko siyasa, zaɓin da ɗan jarida ya yi tsakanin kid, da teenager, da youth, da man, ya riga ya gaya wa mai karatu ɓangaren da zai tsaya, kuma mai fassara yana da alhakin ya lura da wannan.

8. Fassara zuwa Hausa

Hausa tana da kayan aiki isassu, matsalar ita ce zaɓi. «Yaro» ta yi kama da kid ta wajen cewa ita ma ba ta tsaya ga shekaru ba: yaron sarki, da yaron mota, da yaron shago suna iya zama magidanta. Sai dai kamar ba ta cika ba. «Yaro» tana ɗauke da ma'anar bara ko mai hidima, wadda kid ba ta da ita; a nan boy ce takwararta. Sa'annan «yaro» tana shiga doka da wa'azi da hira duka, ba ta san rabon da ke tsakanin kid da child ba. Ke nan idan rubutun Ingilishi ya sauya daga child zuwa kid da gangan, dole mai fassara ya nemi wata hanya ta nuna sassautowar murya, kamar «yaran nan», ko «ƴan yaranmu».

Muna ba ɗalibai shawara su yi wa kansu tambaya huɗu kafin su rubuta komai. Wa yake magana, kuma ya girmi wanda ake magana a kai? Akwai mallaka a jimlar? Ana kiran mutumin ne ko ana ambaton sa? Ana nema masa uzuri ne ko ana rage shi? Amsoshin za su kai su ga ɗaya daga cikin waɗannan: ɗa, ƴa, ƴaƴa idan zumunta ce, ƙane ko ƙanwa a kid brother da kid sister, yaro, yarinya, yara idan ƙuruciya ce ta zahiri, samari, ƴan mata, matasa ko ɗalibai idan ƴan jami'a ne ko sojoji, «ɗana», «ƴata» ko «ƙanena» idan kira ne na ƙauna, «kai yaro» idan kira ne na raini. A labarin Rio, wanda ya rubuta «matasan nan» ya ɓatar da abin da ya sa maganar ta zama labari; «yaran nan» ce za ta sa mai sauraron Hausa ya yi mamakin da mai sauraron Ingilishi ya yi.

Abu na ƙarshe shi ne gargaɗi a kan ma'anar asali. Bature yana kiran ɗansa da sunan ɗan akuya ba tare da ya tuna da akuya ba. A Hausa kuwa «ɗan akuya» zagi ne da ake yi wa namiji mai bin mata. Mun taɓa ganin wannan fassara a takardar wani ɗalibi da ya ɗauki ma'anar farko da ƙamus ya ba shi, a cikin jimlar da uwa take yabon ɗanta.

9. Kammalawa

Mun ga cewa kid ta taso daga garken awaki, ta bi ta sarar titi, ta zama kalmar da masu jin Ingilishi suka fi kiran yaransu da ita a hira. Mun ga kuma cewa tana da amfani huɗu, ɗaya ne kawai na shekaru, sauran na zumunta ne, da na gwaji da mai magana, da na hukunci. Ga mai koyarwa, abin da ya biyo baya shi ne a daina gabatar da ita a matsayin child ta hira kawai, a koyar da ita tare da yanayin da ake faɗin ta. Ga mai bincike, akwai aikin da ke jira: a tattara yadda sassan Hausa na gidajen rediyon waje suke fassara kid, da youth, da teenager a labaransu, a gwada da yadda gidajen rediyon Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa suke fassara jeune, da gamin, da adolescent. Irin wannan kwatance zai nuna mana ko «matashi» da «matasa», waɗanda suka yi ƙarfi a Hausar jarida, sun fara ɗaukar nauyin da youth da jeune suke ɗauke da shi a harsunansu. Muna fatan wani daga cikin ɗalibanmu zai ɗauki wannan batu.